Me ya sa maganin tsutsar ciki ke daina ci a garken awaki da tumaki?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata da sassafe a watan Agusta, lokacin da mahauta ke gyaran kayan ciki, zai iya ganin abin da nake son yin magana a kai da idonsa. Ka roƙi mahauci ya tsaga maka ciki na huɗu na akuya, wanda ke dab da hanji, ya ɗan ɗauraye shi. Idan dabbar ta sha kiwon damina, za ka ga wasu siraran abubuwa kamar zaren ɗinki suna motsi a jikin fatar, tsawon kowanne santimita 2 zuwa 3. Matan cikinsu a murɗe suke, ja da fari, kamar igiyar da aka tufka da zare biyu. Jan, jinin akuyar ne a cikin hanjin tsutsar. Farin kuwa mahaifarta ce maƙare da ƙwai. Masana na kiranta Haemonchus contortus, kuma a ƙasashe masu zafi da wuya a samu tsutsar cikin da ta kai ta kashe tumaki da awaki.

Ba abincin dabba take ci ba, jini take sha. Kowace ɗaya na jawo asarar kimanin mililita 0.05 a rana. Ba a bakin komai yake ba sai an tara: tsutsa 1,000 na zubar da mililita 50 ke nan kullum, daga jikin 'yar akuyar da jininta gaba ɗaya bai fi lita ɗaya da rabi ba. Sai ka ga dabba na ci amma tana ramewa, cikin idonta ya yi fari fat, ƙarƙashin haɓa ya kumbura ya tara ruwa, in an kora garke ita ce a baya. Sau da yawa ma babu zawo, shi ya sa mai ita ba ya kawo tsutsa a ransa, sai a ce leda ta ci.

Gwaggona na da awaki tara a bayan ɗaki, jajaye irin na Sakkwato da Maraɗi, su ne asusunta. Da damina ta faɗi, ranar kasuwa sai ta aiki yaro wajen mai tebur ya sayo mata ƙwayar albendazol, babbar nan da ake ɗura wa dabba. Takan sa wuƙa ta raba ɗaya gida biyu, wani lokaci uku, gwargwadon yadda idonta ya kimanta girman akuya. Bara da na je gaishe ta, na tarar biyu sun mutu ba a yi mako biyu da ba su magani ba. "Ɗan nan," in ji ta, "maganin yanzu alli kawai suke dunƙulawa. Na da, ka ba akuya yau, jibi ta miƙe." Ban musa mata ba, don jabu na nan a kasuwa, haka ma wanda wa'adinsa ya ƙare. Amma akwai wani bayanin da ya fi wannan tayar da hankali. Ana iya samun magani na ƙwarai, a ba da shi daidai awo, tsutsar ta sha ta kwana lafiya.

A duniya wannan tsohon labari ne. Tiyabendazol, wanda shi ne kakan su albendazol, ya shiga kasuwa a 1961. Zuwa 1964 an riga an ba da rahoton tsutsar da ba ta jin sa a tumakin Amurka. Aibamektin, wanda masu kiwo suka fi sani da sunan Ivomec, ya fito a 1981, aka yi ta murnar an samu sha-yanzu-magani-yanzu. A 1988 masu bincike a Afirka ta Kudu suka nuna Haemonchus ta bijire masa. Tun fitowar aibamektin aka yi kusan shekara 30 babu wani sabon dangin magani, sai a 2009 da monefantel ya fito a Niyu Zilan, kuma a 2013 aka samu gonar awaki a ƙasar da ya daina aiki a cikinta. Shekara uku, shekara bakwai, shekara huɗu: iyakar hutun da kowanne ya bayar ke nan kafin a fara jin ƙorafi.

Abin da ya kamata a fara cirewa a rai shi ne zaton cewa tsutsa sabawa take yi da magani, kamar yadda harshe ke sabawa da yaji. Tsutsar da ke cikin akuyar Gwaggo ba ta koyon komai. Ko dai an haife ta a yadda magani zai kashe ta, ko an haife ta da abin da zai kare ta. Magani rariya ne kawai. Gari ya wuce, tsaki ya saura a sama, kuma tsakin nan shi kaɗai zai hayayyafa. In aka ci gaba da tankaɗe, wata rana za a wayi gari buhun duka tsaki ne.

To, daga ina tsakin farko ya fito? Daga yawa. Mace ɗaya na saka ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Tunkiyar da ke ɗauke da mata 2,000 na zubar da ƙwai miliyan 10 kowace rana ko da an yi lissafi da ƙaramin adadin. Ka ninka wannan da garke, da ƙauye, da watannin damina. Ƙwan na ƙyanƙyashewa a cikin kashin dabba, in akwai ɗumi da laima cikin mako guda 'ya'yan sun isa kama wata dabbar, su bi raɓa su hau ciyawa, a haɗiye su, bayan kimanin mako uku su ma su fara nasu ƙwan. Kowane ɗa na karɓar kundin gado daga uwa da uba, kuma kundin wannan tsutsa ya kai haruffa kimanin miliyan 283. Magatakarda duk ƙwarewarsa, in ya kwafi wasiƙa mai wannan tsawo sai ya yi kuskuren harafi nan da can. Yawancin kurakuran ba sa ƙara komai, wasu kashe mai su suke yi. Amma idan ana kwafi biliyoyi a kowace damina, kusan duk kuskuren da zai iya faruwa ya riga ya faru a wani wuri, har da wanda zai toshe wa maganin da ba a ma ƙirƙiro ba tukuna hanya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Wannan yawan shi ya haifar da bambancin gado mai ban mamaki. Tsutsa biyu da aka ciro daga cikin akuya ɗaya sun fi bambanta da juna a kundin gado fiye da yadda Bahaushe ya bambanta da ɗan ƙasar Sin. Ga shi kuma mace ɗaya na haɗuwa da maza da yawa, don haka ƙwanta na rana guda ma ba uba ɗaya ba ne.

A kan albendazol da danginsa an san yadda abin ke faruwa dalla-dalla. Akwai wani furotin, wato sinadarin gina jiki, mai suna bita-tubulin da tsutsa ke gina 'yan sanduna da shi a cikin ƙwayoyin jikinta. Su ne azarar ginin, su ne kuma hanyar jigilar abinci. Maganin na maƙalewa a jikin furotin ɗin, gini ya tsaya, hanjin tsutsa ya kasa aiki, yunwa ta kashe ta. Furotin ɗin kamar duwatsun wuya yake da aka jera a zare, ƙwaya sama da 400. A 1994 masu bincike a Holan suka gano cewa idan ƙwaya ta 200 kaɗai ta sauya, sanadin harafi guda a kundin gado, magani ba ya samun wurin kamawa. Daga baya aka ga irin haka a ƙwaya ta 167 da ta 198. Harafi ɗaya cikin miliyan 283, shi ke raba ƙwayar da Gwaggo ta sayo da alli.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda masana ke bin sawun wannan harafi kamar masu bin sawun ɓarawon shanu. Suna duba haruffan da ke maƙwabtaka da shi: in iri ɗaya ne a ko'ina, daga kaka ɗaya aka gada, in sun bambanta, sauyin ya faru sau da yawa a wurare dabam-dabam. A gonakin tumakin Birtaniya an tarar da sauyin ƙwaya ta 200 a kan zuriyoyi iri-iri, alamar ya sha tasowa da kansa. A kudancin Indiya kuwa, sauyin ƙwaya ta 198 ya nuna daga tushe ɗaya ya fito ya bazu. Ma'ana, bijirewa na iya tsira a turkenka, tana kuma iya zuwa maka a mota. A Sudan, a 2019 aka buga rahoton farko na Haemonchus mai bijire wa albendazol a awakin Darfur ta Kudu, shekara guda bayan haka aka nuna cewa wani sabon salon sauyi ne a ƙwaya ta 198 ke da hannu. Darfur ba Ostareliya ba ce mai manyan gonakin tumaki. Gajeriyar damina ce da dogon rani da ƙananan masu kiwo, kamar mu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Tsutsa ba ta da ƙafa ba ta da fiffike, amma ba ta rasa abin hawa. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1995 ya kwatanta tsutsotsin tumaki da shanu da na barewar daji. Na barewa sun rarrabu yanki-yanki, kowane da irin gadonsa. Na dabbobin gida kuwa, kashi 96 zuwa 99 cikin 100 na duk bambancin da ke akwai ana samun sa a cikin kowane garke guda, domin fatauci ya cakuɗa su. A 2019 aka karanta kundin gadon tsutsa 223 daga wurare 19 a nahiyoyi biyar, sakamakon ya nuna asalin Haemonchus contortus daga Afirka yake, kuma an ga alamun ta ƙetare teku a zamanin cinikin bayi, ta kuma bi tumakin Turawan mulkin mallaka zuwa Ostareliya. Tarihin ɗan Adam ne rubuce a cikin tsutsa.

Yanzu ka tuna da ranar kasuwar Maigatari, ko Mai'aduwa, ko Illela, ko Potiskum, watanni kaɗan kafin Babbar Sallah. Ragunan da za a yanka, labarinsu da na tsutsarsu ya ƙare a tukunya. Amma tunkiyar da aka saya don haihuwa, da bunsurun da aka kawo gyaran iri, da ragon da zai yi wata huɗu a turke yana zuba kashin da za a kwashe a kai gona ko a watsa a bayan gida, duk da baƙinsu suke zuwa. Na fi jin tsoron sababbin gonakin zamani da ke shigo da awakin Boer da na Kalahari daga Afirka ta Kudu, ƙasar da tana cikin waɗanda matsalar ta fi tsanani a duniya. Mai gona zai duba takardar asalin bunsuru, ya auna ƙirji da nauyi, amma da wuya ya nemi a duba ko tsutsar da ke cikinsa na jin magani. Ƙa'ida ita ce a keɓe baƙuwar dabba, a ba ta magunguna daga dangi fiye da ɗaya, a gwada kashinta, kafin ta taka makiyaya.

Nan ne maganar ke juyawa inda hankali bai zata ba. Abin da ke tsawaita ran magani shi ne tsutsotsin da maganin bai taɓa ba. Masana na kiran wannan mafaka: 'ya'yan tsutsa da ke kan ciyawa a ranar da aka yi ɗuri, da manyan da ke cikin dabbobin da ba a ba magani ba. A misali, a ce tsutsa ɗaya cikin 1,000 ce ke da kariya. Ka ba garke duka magani, masu kariyar suka tsira. Idan makiyayar cike take da 'ya'yan tsutsa masu jin magani, gobe dabbobin za su haɗiye su, 'yan tsirarun nan su nutse a cikinsu, su haɗu da su, zuriyar ta sirku kamar an zuba ludayin ruwan zafi a randa. Idan kuwa makiyayar wayam take, to waɗanda suka tsira su ne iyayen duk tsutsar baɗi.

A ƙasarmu ta Sahel, wa ke share makiyaya? Rani. Daga Nuwamba zuwa Afrilu rana da iskar hunturu na ƙone duk wani ƙwai da ɗan tsutsa da ke fili, in ban da a fadama da bakin mashaya. Tsutsar ta san da haka, in ana iya cewa ta sani. 'Ya'yan da aka haɗiya a ƙarshen damina ba sa girma. Sai su lafe a cikin fatar ciki su yi kwanton watanni, su farka dab da saukar ruwa. Masu bincike a Zariya sun nuna wannan a tumakin arewacin Najeriya tun a shekarun 1970. Wato a tsakiyar rani, kusan duk Haemonchus ɗin da ke yankin a cikin dabbobi take. Shi ya sa shawarar a yi wa garke duka ɗuri da rani ke da daɗin ji, kuma tana aiki: ka same su a ɗaki ɗaya ka rufe ƙofa. Amma shi ne kuma tankaɗe mafi tsanani da za a iya yi, don babu ko ɗaya a waje da zai sirka. A yammacin Ostareliya, inda bazara ke da zafi da fari, an daɗe ana ba manoma irin wannan shawarar. Tsutsa ta ragu ƙwarai, bijirewa kuma ta yi saurin da bai yi wa kowa daɗi ba, har hukumomi suka koma suna cewa a jinkirta ɗurin manyan tumaki ko a bar wasu ba a ba su ba. Gaba kura, baya sayaki.

A ganina, abin da ya kare mu zuwa yanzu ba wayo ba ne, rashi ne. A ƙauye ɗaya wani ya ba awakinsa magani, maƙwabta biyar ba su bayar ba, kuma duk a fili ɗaya ake kiwo. Awakin marasa hali su ne mafakar da ke raya maganin masu hali. Amma magani ya yi araha, ya kai kowace kasuwar ƙauye, kuma gonakin da ke killace dabbobi a fili ɗaya suna ɗuri wata-wata na ƙaruwa. Da zarar bijirewa ta kafu, ba ta tashi. An ga gonakin da suka bar albendazol shekara da shekaru, da suka koma masa suka tarar har yanzu ba ya ci, domin sauyin harafin nan bai rage wa tsutsa ƙarfin rayuwa yadda zai sa ta yar da shi ba.

Wuƙar Gwaggo ma na da nata laifin. Kowace tsutsa na da kwafi biyu na kowane sashen gado, na uwa da na uba. Wadda ta gaji kariya ta ɓangare ɗaya kawai, cikakken awo kan kashe ta, rabin awo kuwa ya ƙyale ta. In irin waɗannan biyu suka haɗu, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu za su fito da kariya ta ɓangare biyu. Ga shi kuma akuya ba tunkiya ba ce. Hantarta na saurin narkar da magani, don haka likitocin dabbobi kan ninka mata awon albendazol a kan na tunkiya. A lebamisol, wani maganin tsutsar na daban, ba a yin wannan gangancin, domin tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke kisa kaɗan ce. Mai tebur ba ya faɗin wannan, kwalin ma sau da yawa awon tumaki da shanu kawai ke jikinsa.

Aibamektin kuma ta bayan gida ake cin amanarsa. Makiyayi na yi wa dabba allurarsa don kaska ko ƙazuwa, bai ma tuna da tsutsa ba, amma duk allura tankaɗe ce ga na ciki. Gadon bijire masa ya fi na albendazol wuyar kamawa. An shafe shekaru ana zargin sassan gado iri-iri kafin masu bincike su taƙaita neman zuwa wani yanki a kan kuromozom na biyar, wato ɗaya daga cikin manyan babukan kundin gadon tsutsar. Shi ya sa har yanzu hanyar da ta fi sauƙi ta sanin ko magani na ci ita ce ta da: a ƙirga ƙwai a kashin dabbobi da madubin likita ranar ɗuri, a sake ƙirgawa bayan kwana 10 zuwa 14. In raguwar ba ta kai kashi 95 cikin 100 ba, akwai magana. Aikin da ƙaramin asibitin dabbobi zai iya ne, in akwai madubi da mai dubawa.

Akwai allurar rigakafi, Barbervax, wadda cibiyar Moredun ta Sikotilan ta samar aka fara sayarwa a Ostareliya a 2014, amma sai an yi ta maimaita ta, kuma sai da firiji. Akwai dabbobin da jikinsu ke yaƙar tsutsar da kansa, irin jajayen tumakin Masai na Kenya da gajerun awakin kudancin Najeriya. Akuyar da ke cin ganyen bishiya ma ta fi mai kiwon ƙasa tsira, tunda 'ya'yan tsutsa ba sa hawa sama da 'yan santimita a jikin ciyawa.

Dabarar da ta fi dacewa da mai awaki tara daga Afirka ta Kudu ta fito a shekarun 1990, ana kiranta FAMACHA, daga sunan likitan dabbobi Faffa Malan. Tushenta shi ne tsutsa ba ta rabuwa daidai a garke: kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na dabbobin ne ke ɗauke da mafi yawanta. Sai a janye fatar ido ta ƙasa, a gwada launin da wani kati mai mataki biyar, daga ja wur zuwa fari fat, a ba masu fari da masu kusa da fari magani cikakken awo, a ƙyale sauran, a sake dubawa bayan mako biyu. Kuɗin magani ya ragu, mafaka ta samu, kuma akuyar da kullum ita ce mai farin ido ta nuna kanta a matsayin wadda za a kai kasuwa. Farin ido dai ba tsutsa kaɗai ke kawo shi ba; ciwon hanta da sammore da yunwa duk suna yi, don haka wadda aka ba magani ba ta farfaɗo ba sai a nemi malamin dabbobi.

Na gwada wannan da Gwaggo a daminar bana, ba kati, da ido kawai. Muka bi bakwai ɗin da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe ƙaho tana janye fatar ido da babban yatsa. Biyu fari, ɗaya tsaka-tsaki, huɗu ja. Na ce a ba ukun nan cikakkiyar ƙwaya, kada a raba, a bar huɗun. Ta dube ni ta ce, "Kai yanzu, ɗan nan, da iliminka, ka ce in bar tsutsa a cikin dabbata da gangan?" Na ce e, Gwaggo, zuwa mako biyu mu sake dubawa. Ta amince a bar uku daga cikin huɗun. Ta huɗun, wata mai ciki da ta fi ƙauna, sai da ta faki idona ta ɗura mata rabi.